Teburin Dakta Rifkatu

Shekara ashirin da bakwai ina sassaƙa fure a kan gado
a Panteka, bayan layin masu walda.
Fure bisa fure, kan zaki a hannun kujera,
fenti ruwan zinari har ido ya gaji.
Shi ake biyana. Shi na iya.

Wata Talata, ana yayyafi,
Dakta Rifkatu ta tsallako kwatar bakin shagona
ta miƙo mini waya: "Malam, duba."
Ɗaki ne a Jamus, inda ta yi shekara goma sha ɗaya tana duba marasa lafiya.
Bango fari fat.
Tebur guda, ƙafa huɗu, shi ke nan.
Taga tun daga ƙugu har rufi.
Na ce, "Ranki ya daɗe, ba su gama ba ne,
ko kuɗi ne ya yanke musu?"
Ta yi dariya har da dafa ƙofa.

Ɗanliti yarona ya raɗa mini, "Aikin kwana biyu ne, Oga."
Kwana goma sha tara muka yi.

Ashe ado mayafi ne.
Da ganye nake rufe tsaga,
cikin fure nake binne kan ƙusa,
ban taɓa faɗa wa kowa ba, har kaina.
Katako tsirara ba ya rufa wa kafinta asiri.
Madacin nan ya tona ni gaba da baya:
inda hannuna ya karkace, inda na yi sauri don la'asar ta gabato.
Sau uku na wargaza aljihun teburin
saboda yana kuka in an ja shi.
Ta ce na can ba ya magana.

Ranar kai kaya Kabala, na ce tawa.
"Tagar nan sai da raga,
Bajamushe bai san sauron bakin kogi ba.
Sannan danginki in sun taso daga Kachiya, mutum goma sha biyar,
a kan kujera biyun nan za su zauna?"
Ta nuna tsakar ɗakin, fili fetal.
"Don su na bar nan. Tabarma uku za ta ci."
Na yi shiru.

Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta.
Ba wanda ya lura.
Haske na zaune a kan teburin kamar baƙon da ya san gida,
zanen jikin madaci ya fito, layi bayan layi,
adon da itacen ya zo da shi tun daga daji
wanda na yi shekaru ina shafe wa da fenti.

Da dare na koma Tudun Wada,
na buge ƙaurina da kujerar da ba mai zama a kanta,
wuri ɗaya da jiya, da shekaranjiya.
Kabad biyu, talabijin da ta mutu tun kafin auren Talatu,
akwatuna bisa akwatuna.
Da asuba na sa kafaɗa na ture babban kabad.
Taga ce a bayansa.
Shekara tara. Wallahi na manta da ita.
Gwaibar maƙwabci ta girma har ta leƙo.

Uwani ta fito da tsintsiya, ta tsaya, ta dubi hasken,
ta dube ni.
"Kabad ya tafi in ka so," in ji ta,
"amma kwanukana, ko murfi ɗaya ka taɓa,
sai ka koma Jamus ɗin da zama."

Yau akwai gado mai kan zaki da zan gama,
Alhaji ya biya rabi, kuma yara za su ci.
Zan sassaƙa masa furensa.
Sai dai tun safe nake gyaran wata tsaga a ƙasan allon,
inda fure zai rufe,
inda ba mai gani.
Ɗanliti yana ta kallona.